Labarin Kuɗin Sinima Bai Cika Ba Sai An Faɗa Mana Ranar Da Fim Zai Shigo Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan shafin nishaɗi, musamman irin labaran da ake yawan kawo mana na maƙudan kuɗin da wani fim ya tara a gidajen sinima na Amurka ko na Legas. Ba laifi ba ne a kawo irin waɗannan labarai, kuma masu karatu da dama suna jin daɗinsu. Abin da nake gani shi ne ana ba mu rabin zance ana barin rabi, kuma rabin da ake bari shi ne ya fi shafar Bahaushe mai kallo, wanda mafi yawan fina-finan da ya gani a rayuwarsa a ɗaki ya gan su, ba a zauren sinima ba. Mai karatu a Funtuwa ko Azare ko Maraɗi, idan an gaya masa fim kaza ya tara biliyan kaza, tambayar da ke ransa ita ce yaushe fim ɗin zai iso gare shi, ta wace hanya ta halal, kuma nawa zai biya. Wannan tambaya ce shafin ba ya amsawa.

Zan fara da shi kansa adadin da ake bugawa, domin akwai buƙatar a riƙa yi wa mai karatu bayaninsa. Idan aka ce fim ya tara dala miliyan 500, ana nufin jimillar kuɗin tikitin da masu kallo suka biya a ƙofa, kafin a cire komai. Masu gidajen sinima suna riƙe kusan rabin wannan kuɗi, a wasu ƙasashe ma fiye da rabi, sannan abin da ya saura ya bi ta hannun kamfanin da ya rarraba fim ɗin, wanda shi ma zai cire kuɗin talla da ladansa kafin wani abu ya kai ga waɗanda suka zuba jari. Shi ya sa masu harkar a Amurka suke da wani ƙiyasi da suka saba da shi, cewa babban fim sai ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na abin da aka kashe wajen shirya shi kafin a ce ya mayar da uwar kuɗi. Fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 200 ya tara miliyan 300, a kanun labari ya yi kasuwa, a littafin akawu kuwa asara aka tafka. Haka kuma adadin da ake fitarwa ranar Lahadi na kwanaki uku na ƙarshen mako hasashe ne, sai ranar Litinin ake fitar da tabbataccen lissafi. Duk jaridar da ta kwafo adadi ba ta faɗi waɗannan abubuwa ba, ta bar mai karatu da zaton cewa furodusa ya kwashi kuɗin nan gaba ɗaya ya kai banki.

A nan gida Najeriya akwai ƙarin wata matsala, wato faɗuwar darajar naira. Ƙungiyar masu gidajen sinima ta ƙasa tana fitar da alƙaluman mako-mako, kuma an san cewa fim ɗin The Wedding Party na shekarar 2016 ya tara sama da naira miliyan 450, wanda a lokacin babu fim ɗin Najeriya da ya taɓa kai wa nan. A watan Janairun 2024 kuma fim ɗin Funke Akindele mai suna A Tribe Called Judah ya zama na farko da ya haye naira biliyan ɗaya. Nasara ce babba, babu mai musun haka. Amma a ƙarshen 2016 farashin dala a hukumance bai wuce naira 305 da ɗoriya ba, a farkon 2024 kuwa ya haura naira 900 yana ci gaba da hawa, kuma kuɗin tikiti ya ninka a tsakanin waɗannan shekaru. Idan aka juya adadin biyu zuwa dala, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda take a ido ba. Saboda irin wannan ne ƙasashe kamar Faransa da Koriya ta Kudu suka fi dogara da yawan mutanen da suka sayi tikiti wajen auna farin jinin fim, domin mutum ɗaya a bana daidai yake da mutum ɗaya shekara goma da suka wuce, naira ɗaya kuwa ba haka take ba. Ina ganin duk lokacin da wakilinka zai rubuta cewa fim ya kafa tarihi, ya kamata ya nemi yawan 'yan kallo ya haɗa da adadin kuɗin. Kuma ya tuna mana cewa mafi yawan gidajen siniman da ake tattara wannan lissafi daga cikinsu a Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan suke, saboda haka abin da ake kira kasuwar sinima ta Najeriya, kasuwar wasu 'yan birane ce.

Ko a Amurkar da ake kwafo labarin daga can, ba a taɓa ɗaukar sinima a matsayin ƙarshen tafiyar fim ba. Tun zamanin kaset, sannan faifan DVD da ya shiga kasuwarsu a 1997, akwai shekarun da kamfanonin fim suka fi samun kuɗi daga sayarwa da bayar da haya ga masu kallo a gida fiye da abin da suke samu a ƙofar sinima. Misalin da aka fi sani shi ne The Shawshank Redemption na 1994, wanda aka kashe wa dala miliyan 25 amma a fitowarsa ta farko bai tara ko abin da aka kashe masa ba. Da ya fita a kaset a 1995 sai ya shiga sahun finafinan da aka fi karɓa haya a wannan shekara, gidajen talabijin suka yi ta maimaita shi, har ya zama ɗaya daga cikin finafinan da aka fi so a duniya. Da a ce an yanke masa hukunci da lissafin makonsa na farko, da an binne shi tuntuni.

Tsarin da suka daɗe a kai shi ne a bar fim a sinima shi kaɗai na kimanin kwana 90 kafin a sake shi ga masu kallo a gida. Annobar korona ce ta rushe wannan tsari. A watan Yulin 2020 kamfanin Universal ya ƙulla yarjejeniya da AMC, wanda ya fi kowa yawan gidajen sinima a Amurka, cewa zai iya sakin fim a intanet bayan kwana 17 kacal. A shekarar 2021 kuma kamfanin Warner Bros ya saki finafinansa na shekarar a sinima da kuma manhajarsa ta HBO Max a rana guda, abin da ya fusata daraktoci da masu gidajen sinima. Bayan ƙura ta lafa, wasu kamfanoni sun tsaya a kan kwana 45, wasu ƙasa da haka. Shi kuwa faifai yana ta ja da baya. Netflix, wanda asalin sana'arsa aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya ce, ya rufe wannan sashe a watan Satumbar 2023 bayan shekara 25, manyan kantunan Best Buy kuma suka daina sayar da faifan fim a 2024. Duk da haka, da faifan Oppenheimer mai hoto mafi inganci ya fito a watan Nuwambar 2023, cikin 'yan kwanaki ya ƙare a kantuna har sai da kamfanin ya sake bugo wani. Abin lura a nan shi ne, a duk wannan sauye-sauye, jaridunsu ba su daina buga jadawalin abin da zai fito ba. Mai kallo a can ya san ranar Talata ce ranar fitar sababbin faifai bisa al'ada, ya san ranar da fim zai hau manhaja kaza, ya san kuɗin haya da kuɗin saye.

To idan waɗanda sinima ta yi wa yawa suna ba kallon gida wannan muhimmanci, mu fa? Fim ɗin Hausa na kasuwa a gida aka haife shi. Gidajen sinima na Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado sun shekara da shekaru suna haska finafinan Indiya da na Sin da na kaboyi, amma wuri ne da ake yi wa kallon matattarar 'yan iska, kuma matar aure ba ta zuwa. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, a kaset ta fitar da shi, kuma kaset ne ya shiga inda sinima ba ta isa ta shiga ba, wato ɗakunan matan aure, waɗanda su ne suka riƙe wannan masana'anta da kuɗin cefanensu da na adashinsu. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, lokacin da mujallun Tauraruwa da Fim suke tashe har sunan Kannywood ya samu, kasuwar ta kai matsayin da ake lodin kaset daga Ƙofar Wambai zuwa Kaduna da Sakkwato da Jos, a tsallaka da shi Maraɗi da Damagaram da Garwa, har zangon Kumasi da na Ankara a ƙasar Ghana.

Akwai wani abu a tsarin wancan lokaci da matasan yanzu ba su sani ba, kuma shi ne ginshiƙin maganata. Furodusa ba shi ne yake buga kwafin kaset ba. Abin da yake yi shi ne ya buga kwalin fim ɗin mai ɗauke da hotunan jarumai, ya kai wa diloli tare da uwar kaset, su sayi kwalin gwargwadon yadda suke hasashen kasuwa, su kuma su naɗi kwafi su saka a ciki su sayar. Kaset ɗin da ke cikin kwali na asali shi ne halastacce. Ma'ana, yawan kwalin da aka saya shi ne ma'aunin nasarar fim, kuma ma'auni ne da ba ya ɓoyuwa, domin mai ɗab'i ya san nawa ya buga, diloli sun san nawa suka ɗauka, kuma idan fim ya karɓu har aka koma aka sake bugun kwali, kasuwa gaba ɗaya sai ta sani. Tsarin yana da nasa zalunci, domin sau da yawa a bashi diloli suke karɓa, furodusa ya yi ta sintiri kafin ya ga kuɗinsa, kuma diloli ne suke yanke hukuncin wane jarumi zai fito a fim da wanda ba zai fito ba. Amma akwai lissafi. Akwai kuma sanarwa, domin kowane kaset yana farawa da tallar finafinai masu fitowa, mujallu suna buga fastocinsu, 'yan kasuwar kuma suna tsara yawan finafinan da za a saki domin kada su danne juna. Yaron shagon haya a unguwa yana iya gaya maka abin da zai fito mako mai zuwa.

Faifan CD ya maye gurbin kaset, satar fasaha ta yi sauƙi, sannan wayar hannu mai katin ajiya ta zo ta ƙarasa aikin. Masu tura finafinai a waya suka bazu a kowace kasuwa da tasha, suna loda wa mutum finafinai da yawa da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Finafinan Indiya da aka juya muryarsu zuwa Hausa suka zo suka raba 'yan kallo biyu. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, manyan diloli da dama suka koma wasu sana'o'i. Masu shirya fim sun gwada komawa sinima bayan an buɗe ta zamani a rukunin kantunan Ado Bayero da ke Kano, kuma an ga cincirindo a lokutan Sallah, amma zauruka 'yan ƙalilan a birni ɗaya ba za su ɗauki masana'antar da a da take ciyar da dubban mutane ba. Daga nan aka karkata ga finafinai masu dogon zango, a tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da YouTube, da wasu manhajoji na biyan kuɗi.

Kallon gida dai bai mutu ba, wuri kawai ya sauya, amma lissafi da sanarwa su ne suka ɓace a hanya. A yau mai son sanin ranar fitar fim sai ya bi shafukan jarumai ɗaya bayan ɗaya a Instagram da Facebook da TikTok, inda za a ce masa yana nan tafe, a shekara ana cewa yana nan tafe. Wani fim a haska shi a sinima kwana bakwai, daga nan a neme shi a rasa, ba a san ko zai hau manhaja ba ko an jingine shi ke nan. Wanda bai samu zuwa ba, da matar da ba za ta je ba, da mazauna garuruwan da babu sinima, duk an bar su a hannun mai tura fim a waya. Ana yi wa mutane wa'azin su guji satar fasaha alhali ba a nuna masu ƙofar halal ba. Na tabbata akwai masu kallo da yawa, musamman 'yan uwanmu mazauna Saudiyya da Sudan da Turai, da za su biya da zuciya ɗaya idan sun san inda za su biya da ranar da za su samu.

Game da adadi kuwa, abin da ya maye gurbin kwali shi ne lambar da YouTube yake nunawa a ƙarƙashin kowane bidiyo, kuma jaridu sun fara ɗaukarta tamkar ita ce kuɗin shiga. Ba ita ba ce. YouTube yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka saka a dogon bidiyo, amma farashin tallar ya danganta da ƙasar da mai kallo yake zaune, kuma abin da masu talla suke biya domin mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar abin da suke biya domin wanda ke Amurka ko Ingila ba. Saboda haka shiri biyu suna iya samun kallo miliyan ɗaya kowannensu, kuɗin da suka samu ya bambanta nesa ba kusa ba. Lambar kuma ba ta nuna ko mutum ya kalli shirin har ƙarshe ko ya leƙa ya fita. Wannan ne dalilin da ya sa ake cusa tallar magunguna da atamfa da filaye a tsakiyar shiri har labari ya riƙa tsinkewa, domin sau da yawa wannan tallar ce take biyan kuɗin aiki. Mai karatu ya cancanci a yi masa wannan bayani maimakon a riƙa jera masa miliyoyi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a ware wani gefe na shafin nishaɗi, ko da rabin shafi ne a mako, a riƙa buga jadawalin finafinan da za su fito, na Hausa da farko, sannan na Kudu da na waje waɗanda mutanenmu suke bi. A faɗi sunan fim da kamfanin da ya shirya shi, a faɗi ranar da zai shiga sinima idan zai shiga, da ranar da zai iso gida, da tasha ko manhajar da za a same shi, da abin da za a biya. Samun wannan bayani ba zai gagari jarida ba. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, doka ta ɗora mata duba finafinai kafin a sake su, don haka tana da rajistar abin da ke tafe. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta san 'ya'yanta. Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos kuma tun watan Janairun 2024 ɗan wannan masana'anta ne, Ali Nuhu, yake shugabantarta, kuma ya san ciwon rashin alƙaluma fiye da yadda zan iya bayyana shi. Idan furodusa ya ba da rana ya saɓa, a buga cewa ya ɗage, domin sanin cewa jarida za ta faɗa zai sa a rage yi wa 'yan kallo alƙawarin da ba a shirya cikawa ba.

Na san za a ce masu shirya fim ba za su yarda su faɗi abin da suka samu ba. Gaskiya ne, kuma dalilansu ba ɓoyayyu ba ne. Akwai tsoron jami'an haraji, akwai tsoron mai jarin da aka gaya wa an faɗi alhali an ci riba, akwai kunyar a ji fim ɗin babban jarumi bai kawo komai ba, ga kuma ɗabi'armu ta ƙin bayyana samu saboda gudun baki da 'yan bani-bani. Amma ɓoyon nan su yake cutarwa kafin kowa. Babu bankin da zai ba da rance, babu attajirin Kantin Kwari ko na Singa da zai zuba kuɗi mai kauri a sana'ar da ba a san abin da take kawowa ba. Abin da ya jawo masu zuba jari da kamfanonin waje ga finafinan Legas, har da cewa suna da alƙaluman da kowa zai iya dubawa duk mako, ko da alƙaluman suna da naƙasun da na ambata a sama. Ba sai an fara da kuɗi ba. A fara da yawan tikitin da aka sayar a kowane fim da aka haska, wanda masu sinima suna da shi a rubuce, kuma a riƙa faɗin wanda ya ba da adadin, ko gidan sinima ne ko furodusa ne da bakinsa, domin mai karatu ya san nauyin da zai ba shi. Idan kuma kuɗi aka biya domin a yabi fim, a rubuta a samansa cewa talla ce.

Akwai wani ɓangare na labarin kallon gida da nake so a haɗa da shi, wato tsofaffin finafinai. A ƙasashen waje, cikin jadawalin kowane wata akwai tsofaffin finafinan da aka gyara hotonsu da sautinsu aka sake fitarwa, kuma suna da masu saye. Namu na shekarun 1990 da farkon 2000 suna kan kaset, shi kuwa kaset zafi da ƙura da raɓa suna cin sa, na'urar kunna shi ma ta zama sai an tona. Abin da ake gani a intanet yawanci kwafin kwafi ne da wani ya ɗora ba da izinin mai shi ba, hoto ya dushe, sauti yana rawa. Idan wani kamfani ya ɗauki nauyin juya uwar kaset ɗinsa zuwa na'ura ya sake fitar da fim ɗin da sunansa, wannan labari ne da ya cancanci shiga jadawalin daidai da sabon fim, kuma ganin an buga shi zai zaburar da sauran masu irin wannan ajiya su duba abin da ya rage a hannunsu tun yana karantuwa.

Lokacin da ya fi dacewa a fara wannan aiki shi ne gabanin Sallah, ƙarama ko babba, domin a nan ne masu shirya fim suke tara abin da suka fi ji da shi, a nan ne kuma suka fi buƙatar a sanar da jama'a. Idan wakilinka ya zagaya ofisoshinsu da ke titin Gidan Zu mako uku kafin Sallah ya karɓo sunaye da ranaku, sannan ya koma gidajen sinima mako biyu bayanta ya karɓo yawan tikiti, an samu shafi na farko.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano.